Shin Hannu Yana Kuɓuce Wa Mai Shi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a, ana jinta a gaban alƙali, da zauren mai unguwa, da tsakar gida bayan an tafka ɓarna. Magidanci ya sharara wa matarsa mari har kunnenta ya toshe, in manya suka zaunar da shi sai ya ce hannunsa ne ya kuɓuce. Direba ya take mota a tsakiyar gari ya kaɗe yaro, sai ya ce ƙaddara ta riga fata. Gardi ya zane almajiri har ya ji masa rauni, sai ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, bai san sa'ad da ya yi ba. Su ukun nan abu guda suke roƙo, watau a raba su da gaɓoɓinsu, a ɗora laifin a kan hannu ko ƙafa, su kuwa a bar su a gefe kamar 'yan kallo. Sau da yawa kuma akan karɓa, a ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri, haka Allah Ya so.

To, ko akwai gaskiya a cikin wannan uzuri? Lalle akwai motsin da jiki ke yi ba da izinin mai shi ba, wanda ya musa wannan bai taɓa yin shaƙuwa a cikin taro ba ke nan. Tambayar ita ce a ina iyakar take. Ba kuwa za a gane iyakar ba sai an duba yadda Allah Ya tsara motsin jikin ɗan Adam.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci, ko ya feɗe ragonsa ran Layya, ya riga ya ga abin da ake magana a kai. Jan naman nan da ya lulluɓe ƙashi shi ne tsoka, farar igiyar nan mai tauri da ke ƙarshenta kuwa ita ce jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi. A jikin baligi akwai ƙasusuwa 206, da tsokoki fiye da 600 masu jan su, nauyinsu kuwa ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin namiji lafiyayye. Babbarsu tana mazaunai, ita ce ke miƙar da mutum in ya tashi daga zaune ko zai hau tudu. Ƙaramarsu tana can cikin kunne, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, aikinta shi ne ta rage girgizar wani ɗan ƙashi in ƙara ta yi yawa. Alkur'ani ya ambaci tufatar da ƙasusuwa da nama a Suratul Mu'minun, aya ta 14, inda ake bayanin matakan halittar ɗan tayi.

Abin da ya kamata a riƙe game da tsoka shi ne ba ta iya turi, ja kaɗai ta sani. In ta sami umarni sai ta tsuke ta gajarce, ta jawo ƙashin da take ɗaure da shi. Mayar da ƙashin inda yake kuwa aikin wata ce da ke ɗaya gefen. Saboda haka aka halicce su bibbiyu, kowace da kishiyarta. Tsokar gaban damtse ita ke lanƙwashe gwiwar hannu, ta bayan damtse ita ke miƙe ta. Sa'ad da ɗaya ke ja, dole ɗaya ta sassauta gwargwado, ba ta saki gaba ɗaya ba, ba ta kuma ƙi ba. Da za su ja tare da ƙarfinsu duka, da hannu ya sandare. Haka ke faruwa ga mai ciwon tetanos, wanda dafin ƙwayar cuta ke toshe masa hanyar da ake ce wa tsoka ta saki, har muƙamuƙinsa ya ƙage, bayansa ya gantsare. Ashe sakin ma umarni ne, hanawa ma aiki ce da jiki ke yi. Mai karatu ya riƙe wannan, za a komo gare shi.

Wani abin mamaki kuma, manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba. Mai karatu ya kama sangalin hannunsa na dama da hannun hagu, sa'an nan ya motsa yatsunsa, zai ji nama na motsi a can kusa da gwiwar hannu. Daga nan dogayen jijiyoyi suka ratsa wuyan hannu suka isa kan yatsu, kamar yadda linzami ke isar da nufin mahayi ga bakin doki. Da wannan tsari ne marubuci ke riƙe alƙalami, maɗinki ke zura zare a kafar allura, mai tasbihi ke jan carbi.

Umarnin kuwa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya gangaro ta cikin lakar gadon baya, ya bi jijiyoyin saƙo, waɗanda dabam suke da na ɗaure ƙashi ko da yake Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Saurinsa a cikin manyan jijiyoyi yakan kai mita 100 a sakan guda. Hanyoyin suna gicciye a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda jini ya toshe ko ya fashe masa a ɓangaren hagu na kai, ɓarin jikinsa na dama ne ke shanyewa. Tun a 1791 wani likita na birnin Bolonya a Italiya, Galvani, ya buga bincikensa inda ya nuna ƙafar mataccen kwaɗo na harbawa in an taɓa jijiyarta da lantarki. Yadda tsokar kanta ke gajarcewa kuwa bai fito fili ba sai a 1954, sa'ad da ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, suka buga sakamako iri ɗaya a rana ɗaya. A kowace ƙungiya akwai mai suna Huxley, alhali babu dangantaka tsakaninsu.

Ga abin da suka gano da abin da aka ƙara a kai daga baya. Kowace tsoka damin zaruruwa ce, kowane zare kuma a cikinsa akwai waɗansu sirara iri biyu jere da juna, aktin da miyosin. In saƙo ya iso ƙarshen jijiya sai ta fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuwa ya tayar da lantarki a fatar zaren, lantarkin ya buɗe rumbun sinadarin kalsiyam da ke ciki. Da fitowar kalsiyam sai kawunan miyosin su cafki aktin, su ja, su saki, su sake cafka a gaba, kamar masu jan guga a rijiya mai zurfi, hannu bayan hannu. Zaruruwan kansu ba sa raguwa, shiga cikin juna suke yi, tsokar ta gajarce. Kowace cafka da saki tana cin wani makamashi da masana ke taƙaita sunansa da ATP, wanda jiki ke samarwa daga abinci da iskar da aka shaƙa. Duk wannan na aukuwa a wurare da ba su ƙirguwa, a lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, domin kawai mutum ya ɗaga loma zuwa bakinsa.

A nan ne magana ta fara nauyi. Manomin da ke kaftu bai san aktin ba, bai taɓa jin sunan kalsiyam ba, amma gatarinsa na sauka inda ya nufa. Likitan da ya karanci waɗannan abubuwa shekara da shekaru ba zai iya ce wa zare ɗaya tak ya ja ba. Abin da mutum ya sani shi ne ya nufa, sai ya ga abu ya faru. Tsakanin nufin da faruwar akwai aiki mai yawa wanda ba shi ya tsara ba, ba ya ganinsa, ba ya kuma iya lissafinsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja da wannan a cikin Ihya'u, a babin aƙida. Ma'anar maganarsa ita ce ba zai yiwu a kira bawa mahaliccin motsinsa ba alhali bai san sassan motsin da adadinsu ba, ba zai kuma yiwu a ce tilasta shi aka yi ba alhali yana ji a ransa bambancin motsin da ya nufa da karkarwar da ta zo masa. Bai ga abin da madubin masana ya nuna ba, amma kowane sabon bincike ƙara wa kashin farko na hujjarsa ƙarfi yake yi.

Sa'an nan ga tsokokin da ba a ba mutum linzaminsu ba sam. Zuciya tsoka ce iri dabam, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda, kuma abin da ke kaɗa mata gangar yana cikinta. Shi ya sa tun da aka fara dashen zuciya a Afirka ta Kudu a 1967 ake ganin zuciyar da aka yanke wa jijiyoyin saƙo tana ci gaba da bugawa a ƙirjin wani. Iri na uku su ne tsokoki masu santsi da ke bangon hanji da tumbi da mafitsara da hanyoyin jini da mahaifa. Su ke tura abinci, su ke tsuke ɗan bakin ido in haske ya yi yawa, su ne kuma ke naƙuda. Rahama ce babba da ba a damƙa wa ɗan Adam waɗannan ba. Wanda ke mance inda ya ajiye hularsa, da an bar masa bugun zuciyarsa da barcin farko ya zama na ƙarshe.

Tsakanin waɗannan da waɗancan akwai 'yan tsakiya. Numfashi yana tafiya da kansa, amma mutum na iya riƙe shi in zai nutse a ruwa, ko ya ja shi in zai yi ƙira'a, sai dai riƙon na da iyaka, in ya kai ta sai jiki ya ƙwace abinsa. Hannun da ya taɓa garwashi yakan janye tun zafin bai kai ga sani ba, domin laka ce ta yanke hukunci, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Rawar ɗari kuma dabara ce ta jiki, tsokoki na karkarwa don su samar da ɗumi. Gazali ya lura da wannan mataki na tsakiya, har ya buga misali da fatar ido da ke rufewa in an nufo ta da allura, ko da mai idon ya yi niyyar ya bar shi buɗe.

Malaman tauhidi sun daɗe a kan wannan mas'ala. Jabariyya, waɗanda ake dangantawa da Jahmu ɗan Safwana da aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, sun ce mutum ba shi da aiki, ana jingina masa shi ne kamar yadda ake cewa itace ya kaɗa ko ruwa ya gudana. Mu'utazila suka tsaya a ɗaya ƙarshen, suka ce bawa shi ke samar da ayyukansa, in ba haka ba ina adalcin hisabi? Imam Ash'ari, wanda ya yi shekaru a cikin Mu'utazila kafin ya bar su, ya rasu kuma a wajen shekara ta 324, ya ɗauki misalinsa daga jiki. Ya ce a dubi mai karkarwar shanyewa da mai rawar zazzaɓi, a kuma dubi mai zuwa da komowa da ƙafarsa. Allah ne Ya halicci motsin duka biyu, amma kowa ya san ba ɗaya suke ba: na biyun yana tare da wani iko da aka halitta wa bawa, kuma da shi aikin ya zama nasa. Wannan shi ake kira kasabu, shi ne kuma abin da ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suka gada ta hanyar littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan. Imam Maturidi da mabiyansa sun fi ba zaɓin bawa nauyi a bayaninsu, amma su ma ba su fitar da kome daga halittar Allah ba.

Gaskiya ita ce kasabu bai warware kowane ƙulli ba, malamai da kansu sun riƙa buga misali da shi wajen wuyar fahimta. Yadda nufin bawa yake zama nasa alhali shi ma halitta ne, wannan rijiya ce da guga bai taɓa kai ƙarshenta ba. Amma kuskure ne babba a ɗauki wuyar bayani a mai da ita hujjar musun abin da kowa ke ji a jikinsa. Mai ciwon karkarwa da ya zubar da koko ya san ba shi ya yi ba, wanda ya watsa wa ɗan'uwansa koko a fuska shi ma ya san shi ya yi, ba wanda ke bukatar malami ya faɗa masa.

A zamanin nan Jabariyya ta sake dawowa cikin rigar likitoci. A 1983 wani masani a Amurka, Benjamin Libet, ya maƙala wa mutane na'ura a kai, ya ce kowa ya motsa yatsa ko wuyan hannu duk lokacin da ya ga dama, ya kuma lura da agogo ya faɗi sa'ad da ya ji niyyar ta zo masa. Sai aka ga wani lantarki na taruwa a ƙwaƙwalwa kimanin rabin sakan kafin motsi, alhali mutanen ba su ji niyyar ba sai saura kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Waɗansu suka yi ta yayata cewa ke nan ƙwaƙwalwa ce ke yanke shawara, mutum kuwa labari kawai ake ba shi daga baya. An yi gaggawa. Da farko dai mutanen nan sun riga sun yanke babbar shawarar tun da suka yarda suka zauna za su motsa yatsa, abin da ya rage shi ne yaushe, kuma babu lada ko zunubi ko riba a cikin yanzu ko an jima. Auna zaɓin ɗan Adam da wannan kamar auna adalcin alƙali ne da ƙafar da ya fara sa wa takalmi. Na biyu, a 2012 waɗansu masana a Faransa sun nuna cewa lantarkin nan yana iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, wanda in ya kai wani matsayi sai ya ingiza motsin da aka riga aka shirya. Na uku, Libet da kansa bai yarda an kore zaɓi ba: ya ce a ɗan lokacin da ya rage mutum na iya hana motsin.

Marasa lafiya ma malamai ne a wannan babi, domin a jikinsu ake ganin niyya da motsi sun rabu. Cutar shan inna tana kashe jijiyoyin saƙo a cikin laka, yaro ya nufi tafiya amma umarni bai isa ba, ƙafar ta ƙanjame don rashin aiki. A ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta, bayan an ga ta ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a kowace unguwa. Akwai kuma wani editan mujalla a Faransa, Jean-Dominique Bauby, wanda jikinsa ya shanye ƙaf a ƙarshen 1995, hankalinsa garau, ba abin da ke motsi sai fatar idonsa na hagu. Ana karanto masa baƙaƙe, in an zo kan wanda yake so sai ya ƙifta, da haka ya shifta littafi sukutum, aka buga shi a Maris 1997, ya mutu kwanaki kaɗan bayan fitowarsa. Har wa yau a 2012 aka ba da labarin wata mata a Amurka da ta yi kusan shekara 15 a shanye, aka dasa mata ƙaramar na'ura a ƙwaƙwalwa, ta nufi hannun ƙarfe da tunaninta ya ɗauko gora ya kai mata baki ta sha. Tsokarta ba ta motsa ba, amma ba mai shakkar wanda ya sha.

Akasin haka ma yana faruwa. A 1987 wani saurayi a Kanada ya tashi cikin barci ya tuƙa mota fiye da kilomita 20, ya kashe surukarsa, ya raunata surukinsa, sa'an nan ya kai kansa ga 'yan sanda. Likitoci suka ba da shaida cewa yana da larurar tafiya cikin barci, kotu ta sallame shi, Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar a 1992.

Shari'ar Musulunci ta san dukan waɗannan matakai, ta ba kowane hukuncinsa. Hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci. Wanda aka tilasta ya furta kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani an yi masa uzuri a Suratun Nahli, aya ta 106. Sahabi Imrana ɗan Husaini da ya kai kukan rashin lafiyarsa an ba shi izinin salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, malamai kuma suka gina a kai har zuwa ishara. Wanda ciwo ya hana shi aikin da ya saba ana rubuta masa ladansa kamar yana yi. Amma a lura da kyau, ɗauke zunubi dabam, ɗauke hakkin mutane dabam. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, watau 'yanta bawa, in babu azumin wata biyu a jere. Mai barcin da ya birkiɗa kan jariri ya mutu ba a yi masa ƙisasi, amma jinin bai tafi a banza ba, dangi ne ke haɗa diyya. Wanda ya fasa tulun wani bisa kuskure zai biya. Saboda haka ko da an gaskata direban nan cewa bai nufi yaron ba, maganar ba ta ƙare ba, farawa ta yi, balle a zo ga tambayar wa ya taka totur.

Saura magidanci da gardi, masu cewa ba su san sa'ad da suka yi ba. Yana yiwuwa a sakan ɗin da hannu ya tashi lalle ba su tsaya sun yi shawara ba. Fushi na sa jiki ya zubo sinadarin da ke ƙara bugun zuciya, ya tura jini ga tsokoki, ya ɗaure su kamar baka da aka ɗana. Kuma duk motsin da aka yi ta maimaitawa yakan koma hannun sassan ƙwaƙwalwa masu aiki ba da tunani ba. Haka masaƙi ke jefa ƙoshiya yana hira, haka mai keke ke tafiya bai san yadda yake daidaita kansa ba, haka kuma, abin takaici, mai salla ke kai raka'a huɗu zuciyarsa na kasuwa. Amma wa ya koya wa hannun? Marin farko da shawara aka yi shi, na biyu ya fi sauƙi, na ashirin ya zo da kansa. Mai shi ne ya share hanyar da ƙafarsa, ba zai zo yau ya ce ya tarar da ita a share ba.

Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauƙi. Hannun nan da ke kuɓucewa a kan mace da yaro da ɗan aiki, an taɓa jin ya kuɓuce a kan ɗan sanda mai bindiga, ko maigidan da ke biyan albashi, ko ɗan damben da ya fi shi ƙarfi? Mutumin nan ana ɓata masa rai a wurin aiki fiye da yadda ake ɓata masa a gida, ya haɗiye, har ya yi murmushi. Karkarwar mara lafiya ba ta san babba da yaro ba, a gaban sarki ma yi take. Motsin da ke zaɓen wanda zai sauka a kansa, yana duban wanda zai iya ramawa da wanda ba zai iya ba, akwai mai lissafi a bayansa. Linzamin hanawa da aka ambata a baya yana nan lafiya lau, an dai san inda ake jansa da inda ake sakinsa. Shi ya sa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da ma'anar ƙarfi daga kayar da abokin kokawa zuwa mallakar kai a lokacin fushi, ya kuma umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Magani ne da ya bi ta jiki: wanda ke zaune sai ya tashi kafin ya kai duka, tashin nan kuwa ya ba shi sakan biyu ko uku, waɗanda sun ninka abin da ake bukata don a fasa.

Game da fakewa da ƙaddara, Alkur'ani ya kawo irin wannan hujja a bakin mushirikai a Suratul An'am, aya ta 148, ya kuma ƙaryata ta. Malamai sun bambance: ana tuna ƙaddara don a yi haƙuri da masifar da ta sauka, ba a kafa ta hujja don a kuɓuta daga laifin da aka aikata. Matar da aka mara tana da ikon ta ce haka Allah Ya ƙaddara mata, ta nemi lada, ta kuma nemi hakkinta. Wanda ya mare ta ba shi da wannan kalma. Shi da kansa in ɓarawo ya shiga ɗakinsa ya ce ƙaddara ce ta kawo shi, ba zai saurare shi ba. Dattawan da ke zaman sulhu ya kamata su kula da bakin wanda kalmar ke fitowa, domin sau da yawa ana miƙa ta ga mai laifi ya yi garkuwa, a bar wanda aka zalunta da umarnin haƙuri kaɗai. Suratu Yasin, aya ta 65, ta ba da labarin ranar da za a rufe bakuna, hannuwa da ƙafafu su ba da shaida. Shaida kuwa a kan wani ake ba da ita, gaɓar da ta yi gaban kanta ba ta da wanda za ta nuna.

Akwai dai lokaci guda da siffar da Jabariyya suka yi wa mutum take cika daidai, shi ne sa'ad da yake kwance gaban mai wanka. Tsokokin nan fiye da 600 suna nan ba wadda ta ɓace, amma sai an juya shi. A 'yan sa'o'in farko jikin na da laushi, daga nan sai ya fara sandarewa, daga fatar ido da muƙamuƙi da wuya ya gangara zuwa hannuwa da ƙafafu. Dalili shi ne kan miyosin ba ya sakin aktin sai da ATP, da numfashi ya tsaya kuwa makamashin ya ƙare, kowane kai ya maƙale inda ya cafka. Taurin yakan saki bayan kwana ɗaya ko biyu in naman ya fara lalacewa, amma Musulmi ba sa jiran wannan. Saboda haka littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Muhtasar na Shehu Halilu, suka so a rufe wa mamaci ido da zarar rai ya fita, a ɗaure masa haɓa, a lanƙwasa gaɓoɓinsa a miƙe su a hankali domin wanka ya yi sauƙi. A ƙasa mai zafi irin ta Hausa taurin yakan zo da wuri, don haka waɗanda ke kusa da mai jinya su san wannan tun kafin kuka ya ɗauke musu hankali.